Motar da Ba Ta Ciwo a Gareji

Ku samarin yanzu, da zarar mutum ya sayi 'yar na'urar nan da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari, shi ke nan ya zama injiniya. Ya soka, ya leƙa waya, ya ɗago kai yana yatsina ya ce, "Sensa ce." Mota ta yi tari, sensa ce. Taya ta sace, sensa ce. To ku ajiye wayoyin nan ku matso, in ba ku labarin motar da na soka wa na'ura sau uku tana rantse mini lafiyarta lau, alhali ta kusa raba wani bawan Allah da aikin da ya shekara ashirin da shida yana yi.

Ni Ummaru, shekara arba'in da ɗoriya ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a nan Talatar Mafara. Wurin marigayi Ɗanjumma na koyi aiki, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai zafin hannu. Shekarata ta farko ban taɓa sifana ba sai dai in wanke ta da kananzir. Abin da ya fara koya mini shi ne hawa. In aka kawo mota da ƙorafi, ba ya buɗe bonet. Sai ya ce da mai ita ya tuƙa, a hanyar da ya saba bi, da kayan da ya saba ɗauka, ni kuma ya jefa ni baya in saurara. Na taɓa zuwa har Maradun a kan buhunan gyaɗa ina neman wata ƙara, ashe mai motar ne ke ɗora ƙafa kan kuloci tun daga tasha har ya isa. Na dawo na faɗa, Ɗanjumma ya ce da na dawo ban gano ba, da a ƙasa zan koma in sake saurarawa.

A lokacin sha'anin jan mota a fili yake. Akwai mai ja da ƙafafun baya, ka leƙa ƙasa ka ga farfela ta miƙe tun daga giyabos har aksul. Akwai mai ja da na gaba, ita ba ta da wannan doguwar farfela. Sai ta shiga daji, mai ƙaramin sandan giya na biyu da muke kira ozilari. In ka iso taɓo sai ka tsaya, ka sauko, ka murɗa makullan ƙafafun gaba da hannunka, ka koma ka ja sandan, ƙafa huɗu su kama aiki. Kai ke ba mota umarni, ita kuma ta bi.

Sai jif-jif ɗin zamani suka shigo. Wata ka gan ta ƙatuwa, ta cika hanya, ka leƙa ƙasa ka tarar ƙafa biyu kawai ke ja, sauran duk girman jiki ne. Wata kuma huɗun take ja, amma ita ke yanke wa kanta shawarar ƙafar da za ta ba ƙarfi da lokacin da za ta ba ta, ba ta tambayar kowa. Ta farko da aka kawo mini irin wannan, ta wani ɗan kasuwar shinkafa ce. Na ɗauki wayar wuta na karta a jikin bodi in ga ko akwai wuta, yadda muka saba tun muna yara. Wuta kuwa akwai. Nan take ƙwaƙwalwar motar ta ƙone, har da ɗan hayaƙi. Kafin la'asar duk Mafara ta ji Ummaru ya kashe jif da hannu ɗaya. Shekarar nan ban ga mota mai daraja ba, injin ban-ruwa na manoman Bakalori na koma gyarawa, da babur in an tausaya mini. Da abin ya ishe ni na tattara na tafi Sakkwato da furfurata, na yi wata huɗu ina koyon karanta na'ura. Saboda haka kada wani ya ce tsoron kwamfuta ke sa ni magana. Na sha wuyarta, na kuma iya ta.

To, motar da nake ba ku labari ta Malam Tukur ce na Bakura. Dattijo ne, malami, ya karantar da rabin limaman yankin nan. Idonsa ya yi rauni, kuma wata rashin lafiya da ya yi ta taɓa masa hannun dama. Ɗansa Alhaji Nasiru, da ke aiki a Abuja, shi ya aiko masa da jif fara, irin mai jan ƙafa huɗu da kanta. Direbansa kuwa Mani ne, abokina tun muna samari. Mani bai taɓa buge ko kaza ba. Ramukan da ke tsakanin Bakura da Maradun ya san su ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka cike suka sake buɗewa.

Wata safiya ya shigo garejin nan da farar jif, ya fito fuska a murtuke. Muka gaisa, gida, iyali, gajiya, ruwa, jikin Malam, sannan ya ce, "Ummaru, motag ga za ta kashe ni."

Na ce, "Mi tay yi?"

"Tana tahiya lahiya lau, sai ta zabura. Kahin in riƙe ta, ta mace, in taka totur ta ƙi zuwa. Can sai inji ya kama kuwwa. Sitiyari ya yi nauyi, ya saki, ya yi nauyi."

Na soka na'ura, ba ta nuna komai ba. Na shiga na tuƙa ta har Lambar Bakura na dawo, tafiya sumul, ko kofin ruwa ka ɗora ba zai zube ba. Na sake mata filogi don kada a ce ban yi komai ba. Bayan mako ya dawo, na sake man giyabos. Ya sake dawowa, na wanke mata totur, na bi wayoyi ɗaya-ɗaya har bayana ya ƙage. Duk lokacin da na ce, "Mani, ka tabbata ba abin da kake ɓoye mini?" sai ya kau da kai ya ce shi dai abin da ya gani ke nan.

Kafin nan magana ta yi nisa a gidan Malam. Surukarsa ta yi amai a hanyar Maradun. Ƙanensa ya ƙume goshi da kujerar gaba, ya yi kwana uku da ƙulu. Wata rana cikin azumi, tsakar rana, motar ta zana hoton kofin shayi yana tururi a gaban direba. Haka aka yi ta, in ta ga tuƙi ya rikice sai ta ɗauka barci direba ke ji, ta ba shi shawarar ya tsaya ya sha wani abu. Wani ɗalibin Malam ya ɗauki hoton da waya ya tura Abuja, ya ce ga shi motar da kanta ta ba da shaida. Alhaji Nasiru ya kira ni. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba Ummaru, sau uku kun duba kun ce mota lafiya lau. To in mota lafiya lau, saura wa? Baba Mani ya tsufa. Hanyar Maradun a wannan zamani ba wurin da za a yi wasa da ran tsoho ba ce. Ran Juma'a ina tafe da sabon direba."

Wato da bakina na kori abokina. Duk "lafiya lau" ɗin da na faɗa, a kansa ta sauka. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma kunya ta kama ni, don sai a lokacin na tuna ban yi abin da Ɗanjumma ya fara koya mini ba. Na tuƙa motar, amma ban taɓa hawanta da kayanta ba.

Ran Talata da sassafe na hau babur na tafi Bakura, don na san Malam na shigowa Mafara duk ranar kasuwa ya ga likitan ido. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwa mai tsawo har gwiwata ta fara ƙara. Na ce ina son in raka su in saurari inji. Ya ce, "Bismilla, ɗan albarka." Malam ba ya zama baya kamar manyan mutane, gaba yake zama kusa da direba tun zamanin tsohuwar motarsa. Ni na shige baya. Mani ko kallona bai yi ba.

Mun fita gari ke nan, mun hau kwalta, sai na ga Malam ya miƙa hannun hagu ya ɗora kan wani abu tsakanin kujerun gaba. Wani maɓalli ne mai faɗi kamar murfin kwalbar zuma, wanda ake murzawa. Ku kun san shi, shi ne na zaɓen irin tafiya. Hoto biyar gare shi: titi na tafiyar kullum, ganye na tsimin mai, tuta ta gudu, tudun yashi na yashi da laka, sai wani zane mai kama da tauraro na ƙanƙara, wai ko za a yi ƙanƙara a ƙauyen Garbadu. Ba ya da ƙarshe, in ka wuce na biyar sai ya koma na farko.

Malam ya gyara zama ya ce, "Astagfirullahal azim." Ƙas! Ya murza ɗaya. Mota ta koma tsimin mai, ta yi laƙwas.

"Astagfirullahal azim." Ƙas! Tuta. Inji ya yi kururuwa, muka zabura, hulata ta faɗi.

"Astagfirullahal azim." Ƙas! Yashi. Na ji ƙafafun baya sun kama, mota ta ɗaure.

"Astagfirullahal azim." Ƙas! Ƙanƙara. Rana na dukan ƙasar Bakura, zufa na zuba, motarmu tana lallaɓawa kada santsi ya kwashe ta.

Da Malam mai sauri ne, da motar ba ta samu sukunin amsawa ba. To shi mai natsuwa ne, kowane istigfari sai ya ja shi ya ba kowane harafi haƙƙinsa, daidai lokacin da giyabos ke buƙata ya sauya ra'ayi. Mani kuwa zufa ta jiƙa masa riga, yana fama da totur da birki, yana kauce wa ramuka. Wallahi ranar na san direba ne. Ni da nake taƙama, ko kilomita ɗaya ba zan kai da ita a haka ba.

Da muka zo wani ƙauye, wasu dattawa suka taso gaida Malam, ya tsaya a kan talatin da huɗu, wato ƙanƙara, aka yi ta gaisuwa ta taga. Da muka tashi ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya cika ɗari daidai ƙofar asibiti. Ku lissafa da kanku, ɗari a kan hoto biyar, ina za ta tsaya? Kan titi, tafiyar kullum. Malam ya shafa addu'a, mota ta koma salihar baiwar Allah, ta shiga ta tsaya tsaf.

Ya juyo wajena yana murmushi ya ce, "Ummaru, ka ga abin da Nasiru yay yi min? Carbi ne yas sa anka haɗa cikin mota. Ya san hannuna ba shi riƙe na zare. Kuma daidai hannun da ke aiki anka sa shi. Allah Shi yi ma yaron ga albarka."

Na ce, "Amin, Malam."

Yana shiga wurin likita na ja Mani ƙarƙashin dalbejiya. Na ce, "Kai ka sani!"

Ya ce, "Tun ran hwarko."

"Ka sani, kab bar ni ina sake filogi? Kab bar ni ina kwance ƙasa awa mahaukaci? Don mi ba ka hwaɗa ba?"

"In hwaɗa ma wa? In ce mishi mi? Malam, bar istigfari, kana ɓata giya?"

Na zauna a gindin dalbejiyar.

Ya ce, "Wata shidda bayan ciwon ga bai ja carbi ba, zubewa yakai daga hannunai. Ran da hannunai yas samu abin ga, sai da yay yi hawaye, ina kallo. Duk wanda yaz zo gaishe shi sai ya ba shi labari. Bakura duk ta ji. In na hwaɗa ma Nasiru, ka san shi, take za shi buga waya shina dariya shi yi mai bayani. Tsoho shi san wata huɗu shina murza giya gaban mutane? Gara a kore ni."

Na zage shi tas. Na ce masa sakarai ne, yana da 'ya'ya mata uku a makaranta zai zubar da aiki saboda kunya. Na ce ni zan faɗa, ni bakanike ne, faɗin gaskiyar mota aikina ne. Malam ya fito, an ɗiga masa magani yana lalube, na riƙe masa ƙofa ya zauna, hannun nan ya tafi kai tsaye ya dafa maɓallin. Na gyara murya na ce, "Malam, wanga abu..."

"Na'am, Ummaru?"

Na ce, "Allah dai Shi ƙara ma Alhaji Nasiru buɗi."

Mani ya dube ni ta madubi. Ban sake zaginsa ba.

Ran Laraba na shiga motar haya zuwa Sakkwato, na bi masu kayan gwanjo shago-shago har na samu maɓalli irinsa daga wata da ta yi hatsari. Ran Alhamis Mani ya kawo motar da sunan wanki. Na ɓalle murfin tsakiya a hankali, na zare soket ɗin da ke ƙarƙashin na Malam. Ban taɓa maɓallin kansa ba, don yatsun makaho sun fi idonku gani, in na sauya zai gane. Ƙarar ƙas-ƙas ɗin nan ba ta wuta ba ce, wani ɗan sifirin ne da ƙwallo a ciki, ko babu waya zai yi ta yi. Na ƙara wa wayoyin tsawo, guda shida, kowace na yi mata dalma na naɗe, na bi da su ƙarƙashin kafet, na kafa na gwanjon can ƙasan sitiyari ta hagu, wajen gwiwar direba, inda ba mai gani. Na soka na'ura, ba ta yi ƙorafi ba. Karo na huɗu ke nan ta ce lafiya lau, kuma ranar ce kaɗai ta yi gaskiya.

Ran Juma'a Alhaji Nasiru ya iso da sabon direbansa. Na roƙe shi arziki ɗaya, na ce a bar Mani ya kai Malam Maradun a karo na ƙarshe, shi Alhaji ya zauna baya ya gani da idonsa. Ya yarda. Bayan an sauko masallaci muka kama hanya, ni da shi a baya. Malam ya dafa abinsa ya fara. Ƙas, ƙas, ƙas. Mota ko gezau. Alhaji ya ga hannun, ya ɗauka wasa tsoho yake da abin rediyo, ya ci gaba da duba wayarsa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, wani wuri hanya ta zama taɓo, har wata ƙaramar mota ta kafe a gefe. Na ga hannun Mani ya sauka wajen gwiwa ya dawo, ƙafa huɗu suka kama, muka ratsa muka wuce. Alhaji har da gyangyaɗi a hanyar dawowa.

Da muka sauka a Bakura ya ce, "Ikon Allah. Baba Ummaru, to me ke damunta da?"

Na dubi Mani, na dubi ƙasa, na ce, "Sensa ce."

Kada wanda ya yi mini dariya a cikinku. Ni na san abin da nake rufewa da na faɗe ta.

Alhaji ya ba Mani haƙuri, ya ce sabon direba zai koma da shi Abuja. Ina shirin hawa babur ina jin daɗi, sai aka ce Malam na kira. Na tarar bai fito daga motar ba, yana zaune, hannu a cinya.

Ya ce, "Ummaru, mi kay yi ma motag ga?"

Na ce, "Gyara, Malam."

"Gyara? Da, in na ambaci sunan Allah sai in ji ta motsa. Wani lokaci ta yi ladabi, wani lokaci ta zabura. Ƙarhe ne, amma tana ji. Shekara hamsin ina karantarwa, ban samu ɗalibin da ke amsawa haka ba. Yau tun daga nan har Maradun ina yi, ta yi min shiru. Ka mai da ta kurma." Ya juya wajen ɗansa ya ce, "Nasiru, in haka za ta zauna, ɗauki abinka. Ni na bar hita. Mani ma shi je shi huta."

Jama'a, ku ji fa. Wato na ceto aikin daga hannun ɗa, ga shi uba zai kashe shi. In na mayar da waya, Nasiru ya kori Mani. In na bari, Malam ya sallame shi. Alhaji Nasiru ya tsaya baki buɗe, bai san ma a kan me ake magana ba. Ni kuwa duk abin da na koyo a Sakkwato ba wanda ya zo mini.

Mani ne ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Allah gafarta Malam, sabon gyara ne, ba ta saba ba. A ƙara gwada ta ko zuwa bakin gari."

Malam ya ce, "To."

Muka sake shiga. Malam ya fara, murya ba ƙarfi. Ƙas. Ƙas. Mota shiru. Na lura leɓen Mani na motsi. Muka wuce makarantar firamare, muka wuce gonakin dawa, hamsin, saba'in, ni ma na kama ƙirgawa a zuci. Casa'in da tara. Malam ya ce, "Astagfirullahal azim," ya murza na ɗari. Hannun Mani ya sauka wajen gwiwa. Inji ya yi gurnani guda ɗaya mai kyau, mota ta ɗan yunƙura gaba, sannan ta koma ta kwanta.

Malam ya ɗaga hannu daga maɓallin. Can sai ya yi dariya har rawaninsa na girgiza. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Ummaru, yahe min, na zalunce ka. Ashe hankali ka koya mata. Da katse ni takai, yanzu tana jira in kai aya."

Shekara uku ke nan. Mani na nan kan aikinsa, babbar 'yarsa ta gama makaranta. Sai dai fa aikin ya ƙaru, don in ya kuskure ƙirga ko da ɗaya ne, Malam zai ce mota ta fara sakaci. In an tsaya gaisuwa, dole ya riƙe lambar a ka har a gama tambayar iyali da shanu. Mutumin da Malam ya shekara ashirin da shida yana yi wa faɗa a kan wuridi, yanzu ba ya yin ƙasa da ɗari biyar a yini.

Talatar da ta wuce sun wuce ta gaban garejin nan, wasunku na nan. Na ɗaga murya na ce, "Mani! Ina gajiya?" Ko waiwayowa bai yi ba, har ɗayanku ya ce direban nan ya cika girman kai. Ba girman kai ba ne. Yana kan saba'in da wani abu.